Ido Ba Mudu Ba Ne: Mu Auna Dawa Da Ruwa Kafin A Ɗora Tukunya

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana wadda ba mu cika tayar da ita a taron ƙungiyoyinmu ba. Mukan yi zancen taki, mu yi na iri, mu yi na bashin da ba a biya ba. Amma da an zo kan dawar da take fita daga rumbu ta shiga tukunyar burukutu, sai kowa ya sunkuyar da kai. Fastoci sun yi wa'azi a kai, dattawa sun tsawata. A shekarar 2004 kuma Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi dokar da ta hana yin giya da sayar da ita da shanta, ba ta kuwa ware wanda ba Musulmi ba. Duk da haka, a ƙauyuka da yawa kowa ya san gidan da ake ɗora tukunyar nan.

Mu ma'aikatan gona ba wa'azi aka aiko mu yi ba, ba kuma koyar da dahuwar giya muka zo yi ba. Abin da muka iya shi ne awo da lissafi. Ra'ayinmu kuwa shi ne, kowane gida ya kamata ya san tiya nawa ta dawa da jarka nawa ta ruwa tukunya guda take ci, ya kuma san abincin kwana nawa ke nan. Abin da ake yi a ɓoye ba a auna shi, abin da ba a auna ba kuwa shi ne yake cinye rumbu ba a sani ba.

Ƙasarmu ba ta da rarar hatsi

A nan arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi, Tsanyawa, Kunchi da Ɓagwai, gona tana manne da gona. Tun a 1965 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya rubuta yadda manoman kewayen Kano suke noma gona guda kowace shekara ba hutu, taki ne kaɗai yake riƙe da ita. Daga wannan lokaci zuwa yau an raba gonakin nan gado sau biyu ko sau uku. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yanzu jikoki shida ne a kanta.

Hekta guda ta dawa a hannun talaka buhu 10 take bayarwa, sau da yawa ma ba ta kai ba. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Mu kuma mun ga tsadar hatsi ta 2024 da idonmu, lokacin da magidanta suka riƙa komawa gida daga kasuwa da rabin abin da suka je saye. Mutumin da yake zaune a irin wannan ƙasa ba shi da tiyar da zai ce ba ta da lissafi.

Abin da muka auna a gidan Inna

'Yan shekarun baya muka sauka a wani ƙauye yamma da Bichi, a gidan wata dattijuwa wadda ta gaji dahuwar burukutu daga uwarta. Muka roƙe ta ta bari mu auna duk abin da za ta zuba. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa ƙirga kome ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Muka ce, "Gaskiya ne, Inna, amma ki yarda mu gwada sau ɗaya." Ta yarda. Muka kawo tiya, wadda 'yan kasuwar Kano suke ce wa kwano, mai cin kilo biyu da rabi, da jarka mai lita 25, da ƙaramin sikeli.

Ta ɗebi jar dawa tiya 4, watau kilo 10. Ta wanke, ta jiƙa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa ta rufe da buhu, tana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana huɗu, dawa ta tsira. Ta shanya, ta murje saiwar da tohon, aka kai inji. Da muka ɗora garin a sikeli sai muka sami kilo takwas da rabi. Kilo ɗaya da rabi ya tafi tun ba a hura wuta ba, domin ƙwaya mai tsira abincin jikinta take ci.

Sa'an nan ta dama garin da ruwa, ta bar shi ya kwanta. Ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa ƙullun da ya kwanta, da ya ɗan huce ta mayar da ruwan nan a kai. Nan muka ga hikimar iyayenmu mata. A cikin tsiro akwai wani sinadari mai narkar da gari ya mai da shi sukari. Wuta mai ƙarfi takan kashe shi, garin dawa kuwa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi. Saboda haka suke raba su, su dafa ɗaya, su tsare ɗaya, kana su haɗa. Ba wanda ya koya musu wannan a makaranta.

Bayan haka ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta tace, ta fitar da dusa, ta sake dafawa na tsawon sa'o'i. Da ya huce ta zuba ragowar tsohuwar giya, wadda yisti yake ciki, ya kwana yana kumfa ba wuta. Daga ranar jiƙo zuwa ranar sha, mako guda cur. Ruwan da ya shiga tukunya jarka biyu da rabi ne. Giyar da ta fito lita 40.

Yadda lissafin ruwa yake

Wanda yake so ya gane inda ruwan ya tafi, sai ya fara daga ƙarshe ya komo farko.

Na ɗaya, a tukunyar Inna kowace tiya ta ba da lita 10. Mai neman lita 40 tiya 4 zai jiƙa, mai neman lita 20 tiya 2.

Na biyu, dahuwa tana shanye ruwa. A murhunta kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a tururi. A nan ne mutane suke kuskure. In kashi ɗaya cikin huɗu ne zai ƙone, to, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so ya rage za a ƙara. Sulusin 40 shi ne 13 da 'yan kai. Sai a ɗora lita 53 a wuta, a sauke 40.

Na uku, dusa tana riƙe ruwa, kusan lita guda a kowane kilo na gari. Tiya 4 ta riƙe lita 8 zuwa 9. In aka haɗa da 53 an sami lita 62, jarka biyu da rabi ke nan. A taƙaice, kowace tiya tana neman ruwa lita 15 zuwa 16 a tukunya.

Na huɗu, akwai ruwan da ba ya shiga tukunya amma tilas a ɗebo shi: na wanki, na jiƙo, na yayyafi, na wanke randa da ƙoƙuna. Wannan ya ci jarka 2. Jimla jarka huɗu da rabi, sama da lita 110, domin a sami lita 40. A watan Afrilu, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya yara suna kwana a layin famfo, wannan ba ƙaramin ruwa ba ne.

Tukunya ta bambanta da tukunya. Mai faɗin baki ta fi mai ƙaramin baki shan ruwa, wutar kara ba ɗaya take da ta itace ba, kaura da farafara da jar dawa kuma kowace da halinta. Wanda yake son ya san nasa, sai ya sami sanda mai tsabta, ya riƙa zuba ruwa lita biyar biyar a tukunya yana yi wa sandar tsaga. Daga nan sanda ce za ta gaya masa abin da ya shiga da abin da ya rage.

Abu ɗaya ne ba ya sakewa: zaƙin da yake cikin dawa ƙayyadadde ne. Ƙarin ruwa ba ya ƙara shi. Wadda ta cika ruwa don ta sami ƙoƙo da yawa, abin nata zai yi salam, ya kuma yi saurin lalacewa. Daga nan ne wasu suke faɗawa cikin mugun abu, su tsarma da ɗanyen ruwan da ba a dafa ba, ko su jefa zaƙami don a ce giyarsu tana da ƙarfi. Na farko yana kawo gudawa da amai, na biyu yana haukatarwa, yana kuma kisa.

Tiya huɗu a bakin iyali

Yanzu mu ajiye ruwa mu koma kan hatsi, gama nan ne zancen yake da nauyi. Ma'aikatan gona sukan lissafa wa babban mutum rabin kilo na hatsi a rana. Ashe tiya guda abincin mutum biyar ne na yini ɗaya. Mutum guda yana bukatar tiya 73 a shekara, watau buhu biyu ba kaɗan, tun da buhu tiya 40 yake ci. Gida mai baki biyar yana bukatar tiya 365, buhu 9 da tiya 5.

To, gidan da ake jiƙa tiya 4 kowane mako, a shekara an jiƙa tiya 208. Buhu 5 da tiya 8 ke nan, rabin abin da hekta guda take bayarwa a shekara mai kyau. Abincin gida mai baki biyar ne na kwana 208, kusan wata bakwai. Wannan kuwa ƙaramar tukunya ce. Mai jiƙa tiya 10 a mako ta ci buhu 13 kafin shekara ta kewayo.

Mu dubi gayya. An gayyaci mutum 20 noma, kowa ya sha lita 2, lita 40 ta ƙare, tiya 4 ta tafi. Tiya huɗun nan kuwa kilo 10 ce, watau cikakken abincin mutum 20 na yini guda. Amma mai gayya bai huta ba, sai ya sake buɗe rumbu a yi musu tuwo, domin giya ba ta hana neman tuwo. Ya ciyar sau biyu ke nan a kan aiki ɗaya. Kowa kuma ya san yadda kunya take karkacewa bayan ƙoƙo na uku.

A tuna kuma, dawar da aka sayar ana iya sayo wata, wadda aka ba da aro ana iya biya. Wadda aka jiƙa ba ta komawa rumbu. Shi ya sa muka ce lissafin kafin jiƙo ake yinsa.

Masu cewa akwai riba

Ba za mu ɓoye ba, akwai masu ja da wannan magana, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce da kuɗin burukutu mata da yawa suka biya kuɗin makaranta, suka sayi magani, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sukan ce dusar tana ƙosar da awaki da kaji da aladu. Sukan ce giyar ma abinci ce, tun da da ƙullunta ake sha. Duk akwai gaskiya a ciki. Gwauruwar da ba ta da jari sai tukunya biyu da gayaunarta, ba daidai ba ne mu tsaya daga nesa mu yi mata tsawa. Mazan da suke zagin mai dafawa da rana, sau da yawa su ne masu miƙa ƙoƙo da dare.

Amma riba ma sai an auna ta. Ga abin da ya fito a gidan Inna. Ƙoƙonta rabin lita yake ci, lita 40 ta ba da ƙoƙo 80. Tara suka tafi a ɗanɗani da kyauta. Takwas ɗanta da abokansa suka sha. Goma sha biyu bashi. Shida suka kwana biyu suka koma ruwan tsami, aka zubar, gama burukutu ba ya ajiyuwa. Saura ƙoƙo 45 da aka biya hannu da hannu.

Muka ce kada mu lissafa da naira, tun da naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Muka tambaya, kuɗin nan tiya nawa zai saya yau? Da rani ne, ya sayi tiya 7. Aka cire 4 na dawar da aka jiƙa, aka cire ɗaya da rabi na itace da niƙa. Ladan aikin mako guda, da hayaƙi da ɗaukar ruwa, tiya ɗaya da rabi. Da muka koma cikin watan Yuli hatsi ya hau, kuɗin ƙoƙo kuwa bai hau kamarsa ba, domin masu sha ba su da shi. Kuɗin ƙoƙo 45 ya sayi tiya 5 kawai. Ta yi aikin mako, ta kuma yi asarar rabin tiya. Inna ta daɗe tana duban sandar awon nan, sa'an nan ta ce, "Ashe, ɗan nan, ɗawainiyar mazan garin nan nake yi."

Ba mu ce kowace mai dafawa haka lissafinta zai fito ba. Akwai wadda ba ta ba da bashi, akwai mai kasuwa babba. Amma sau da yawa ribar da ake gani ta fito ne daga rashin sa wa dawar kuɗi, don daga rumbun gandu aka ɗebo ta. Maigida ya noma, aka ɗiba, ya dawo ya saya a ƙoƙo. Kuɗi ya fita daga wannan aljihu ya shiga wancan, rumbu ne ya rame. Ban da wannan akwai dokar da muka ambata. Ran da aka kama mutum, tukwane da jari da mutunci duk a rana ɗaya suke tafiya.

Hannun da ya iya tsiro bai rasa sana'a ba

Abin da matan nan suka iya ba ƙaramin ilimi ba ne. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai manyan kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa. Ko da yake an ɗage hanin daga baya, har yanzu suna sayen dawa, ana kuma loda ta a manyan motoci daga kasuwar Dawanau. Abin da injinansu suke yi, jiƙo da tsiro da shanya, shi ne abin da Inna take yi a tsakar gidanta. Wannan gwaninta tana da mafita biyu a nan gida.

Ta farko kunun zaƙi. Tsiron dawa yana zaƙaƙa kunu kamar yadda tsiron shinkafa ko busasshen dankali yake yi, a rage sayen sukari. Ba a yi masa doguwar dahuwa, saboda haka itacensa kaɗan ne. Ana gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu in akwai garin tsiro a ajiye. Kowa yana saye, Kirista da Musulmi, yaro da babba, a kasuwa da bakin makaranta, ba mai ɓoye bokitinsa. Lissafinsa kuma iri ɗaya ne: a auna hatsi, a auna ruwa, a ƙirga kofi, a mai da kuɗin tiya.

Ta biyu kunun yara. Uwa takan tsinka kunu da ruwa don jariri ya iya haɗiya, sai cikinsa ya cika da ruwa, ƙarfin abincin kaɗan. In aka dama kunu mai kauri, aka bar shi ya ɗan huce, aka zuba ƙaramin cokali na garin tsiro aka juya, cikin 'yan mintoci zai tsinke da kansa ba a ƙara ruwa ba. Sai a sake tafasa shi, a ba yaron da ya wuce wata shida. A ƙasar Tanzaniya ma'aikatan lafiya sun koya wa iyaye mata wannan dabara tun shekarun 1980, suna kiran garin kimea.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Dafin nan yana cikin toho da saiwar tsiro ma, don haka tilas a shanya sosai, a murje su, a sheƙe, kada kuma a ba yaro garin da ba a tafasa ba. Sa'an nan dawar da ta yi funfuna ba ta shiga jiƙo, ba ta shiga kunu, gama dahuwa ba ta kashe gubarta.

Abin da muke roƙon ƙungiyoyinmu

1. Da kaka, kafin a rufe rumbu, kowane gida ya zauna, miji da mata tare. A ƙirga bakuna, a ware wa kowane babba tiya 73, yaro ƙarami rabin haka. A ware iri, a ware baiko, a ware na baƙi. Abin da ya saura shi ne rara. Gidan da bai sami rara ba, ba shi da dawar jiƙo.

2. Kowace ƙungiya ta ajiye tiya guda ta gaskiya, da jarka mai alamar lita, da sikeli in da hali, duk mai bukata ya ara ba tare da an tambaye shi me zai auna ba.

3. 'Yan ƙungiya su yi alkawari a tsakaninsu cewa gayyarsu ta tuwo da kunu ce. Mutum ɗaya ba ya iya sake al'ada, za a ce masa marowaci. Mutum ashirin suna iyawa.

4. A kafa rumbun tsimi. Ƙungiya ta sayi dawa da kaka daga hannun 'ya'yanta, ta adana a buhunan PICS masu hana ƙwari, ta sayar musu da sauƙi a watan Yuli da Agusta.

5. Matar da ta ce za ta bar tukunyar giya, kada a sallame ta da addu'a kaɗai. Zumuntar mata da ƙungiya su ba ta rancen bokiti da kofuna da tiya goma ta fara kunu, ko 'yar akuya ta kiwo. Wanda ya ce a bar sana'a, shi ya kamata ya nuna wata.

Ranar da za a yi wannan zance a taro, muna roƙon shugabanni kada su kira sunan kowa, kada su nuna gidan kowa. A kawo allo da alli, a kawo tiya a ajiye a tsakiya, a bar mutane su yi lissafin da bakinsu. Mun gwada haka a wurare da dama, mun kuwa ga wanda ya yi lissafi da kansa ya fi wanda aka yi wa faɗa saurin sake shawara. Inna dai tana nan da ranta. Jikarta ce take kai mata kunun zaƙi bakin makarantar firamare, sandar awon nan kuma tana jingine a bayan randa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa rumbunanmu su kai mu wata kaka.